Shekara 28 Riƙe Da Hannun Jarin Kamfanin Hayar Sito A Amurka



Tun bayan rushewar CBEX a watan Afrilun 2025, maganar inda mutum zai sa ɗan abin da ya tara ta sake tasowa, kuma matasanmu da yawa sun koma sayen hannun jarin kamfanonin Amurka ta manhajojin waya. Sunayen da ake ji kullum su ne Tesla, Apple da Nvidia. Yau ina so mu duba tarihin wani kamfani da ba ya ƙera komai, ba shi da wata fasaha ta a-zo-a-gani. Sana'arsa kawai ya gina jerin ɗakuna na bulo da kwano, ya ba mutane haya su zuba tarkacensu, su sa kwaɗo su tafi da makulli. Sunansa Public Storage. Wanda ya sayi hannun jarinsa a ƙarshen 1995 ya riƙe har ƙarshen 2023, kuɗinsa ya ninka wajen sau 16, ban da ribar da aka riƙa raba masa duk wata uku. Wannan lissafin shi ake yawan nunawa. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne yadda shekarun nan 28 suka kasance ga mai riƙon, kuma shi nake so mu bi dalla-dalla. Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

ASALIN SANA'AR

A shekarun 1960 aka fara irin wannan sito na haya a jihar Teksas, musamman wajen garin Odessa inda ake haƙar man fetur, ma'aikata na shigowa suna fita, suna neman inda za su ajiye kayan aiki. A farkon shekarun 1970 wani mai harkar gidaje da filaye daga Kalifoniya, Wayne Hughes, ya je Teksas ya ga abin da idonsa: ɗakuna a bayan gari duk a cike, har da masu jiran layi. Shi Hughes ɗin ɗan talakawa ne. An haife shi a 1933 a jihar Oklahoma, zamanin da fari da guguwar ƙura suka kori manoma daga gonakinsu, kuma iyayensa na cikin waɗanda suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya. Da ya dawo gida sai ya haɗa kai da wani abokin harkarsa, Kenneth Volk, kowa ya kawo dala 25,000, suka buɗe wuri na farko a El Cajon kusa da San Diego a 1972.

Abin dariya, su kansu ba su ɗauki ajiyar a matsayin sana'ar dindindin ba. Tunaninsu shi ne su sayi fili mai arha a gefen babbar hanya, su dasa ɗakunan su riƙa samun ɗan abin kashewa, in gari ya iso wurin fili ya yi daraja sai a rushe a gina wani abu mai tsada. Sai ga shi ɗakunan sun fi abin da ake shirin ginawa kawo kuɗi. Wurin farko ya fara ɗaukar nauyin kansa cikin wata uku, alhali ɗakunan da aka kama ba su wuce kashi 35 cikin 100 ba.

In ka kwatanta da gidan haya za ka ga dalili. Duk wanda ya taɓa ba da haya ya san ciwon kan: famfo ya lalace, masai ta cika, fenti ya ɓaɓɓake, ɗan haya ya ƙi tashi sai an je kotu. Ɗakin ajiya ba bayan gida, ba kicin, ba mai kwana a ciki, kuma mai kula ɗaya ko biyu sun isa ɗakuna ɗaruruwa. Hayar ta wata-wata ce, don haka kamfani na iya ƙara kuɗi da takardar sanarwa kawai. In an ƙara maka dala goma, za ka zauna ka lissafa kuɗin hayar mota, da ranar hutunka da za ta tafi a dako, da ciwon baya, sai ka ga gara ka biya. In kuwa ka daina biya, dokokin jihohi sun ba kamfani dama, bayan sanarwa, ya yi gwanjon kayanka. Shirin talabijin ɗin nan Storage Wars da aka fara a 2010 a kan wannan gwanjon aka gina shi. Shi ya sa a kowace dala 100 da Public Storage ke karɓa ta haya, abin da ke saura bayan kuɗin tafiyar da wuraren yakan haura dala 70.

'Yan sana'ar suna cewa abu huɗu ke kawo musu ciniki: mutuwa, mutuwar aure, ƙaura, da komawa ƙaramin gida. Tsohuwa ta rasu, 'ya'ya sun sayar da gida amma sun kasa rabuwa da kayan ɗakinta. An rabu, miji ya koma ɗaki ɗaya da kayan gida guda. Banki ya ƙwace gida, iyali sun koma wurin dangi. Irin waɗannan ba sa jiran tattalin arziki ya gyaru kafin su faru. A yau kusan gida ɗaya cikin goma a Amurka na hayar ɗakin ajiya, kuma wuraren sun kai kimanin 50,000, sun fi rassan McDonald's na ƙasar yawa nesa ba kusa ba.

INDA KUƊIN GINI YA FITO

Hughes mutum ne da ba ya son bashi, kuma wannan halin nasa shi ya tsara tarihin kamfanin. Daga ƙarshen shekarun 1970, maimakon ya je banki, sai ya riƙa tara kuɗi daga ƙananan masu zuba jari a yi haɗin gwiwa: su kawo kuɗi a gina, shi ya tafiyar da wurin ya ɗauki kasonsa. Dokar harajin Amurka ta lokacin tana ba irin wannan haɗin gwiwa rangwame mai tsoka, don haka kuɗi ya yi ta kwararowa. Kafin shekarun 1980 su ƙare wuraren sun kai kimanin 1,000. Amma a 1986, zamanin Reagan, aka yi wa dokar haraji garambawul aka toshe wannan rangwamen, famfon ya fara ƙafewa.

Mafitar ita ce wani tsari da ake kira REIT, wanda Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu tun 1960. Kamfanin da ya mallaki gidaje ko filayen haya, in ya yarda zai raba wa masu hannun jari aƙalla kashi 90 cikin 100 na ribarsa duk shekara, to ba zai biya harajin kamfani a kan abin da ya raba ba. Hughes ya riga ya kafa irinsa a 1980 mai suna Storage Equities. A 1995 aka haɗe shi da kamfanin da ke tafiyar da wuraren, aka sa wa sabon suna Public Storage. Daga nan lissafinmu zai fara.

SHEKARUN DA BA WANDA YA KULA SHI

A ƙarshen 1995 hannun jari ɗaya wajen dala 19 ne, ana raba masa riba senti 88 a shekara. Mu ce wani malamin makaranta ya sayi guda 100 da dala 1,900. Rabonsa a shekara dala 88.

Shekarar farko ta yi daɗi, farashi ya kai wajen dala 30. Daga nan sai ya riƙa zamewa a hankali shekara uku a jere, har ya sauka wajen dala 23 a ƙarshen 1999. Ku tuna wace shekara ce 1999. Lokacin haukan kamfanonin intanet ne, kasuwar Nasdaq ta tashi sama da kashi 80 cikin 100 a shekara guda. Maƙwabcin malamin nan yana ninka kuɗinsa a kamfanin da bai taɓa cin ribar sisi ba, shi kuwa yana riƙe da ɗakin kwano da farashinsa ke sauka. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to wannan Larabar dai ba ta nuna komai ba. Wanda ya sayar a lokacin ya bi ayari, ba za ka ce ya yi wauta ba in kana tsaye a wurin.

A watan Maris na 2000 kumfar intanet ta fashe, Nasdaq ta yi asarar kusan kashi 78 cikin 100 kafin ƙarshen 2002. Masu kuɗi suka juyo neman abin da ke da haya a hannu. Public Storage ya ninka rabon ribarsa zuwa dala 1.80 a shekara, a 2005 aka shigar da shi jerin manyan kamfanoni 500 na S&P, a 2006 ya saye babban abokin hamayyarsa Shurgard a kan kimanin dala biliyan 5, abin da ya ba shi rassa har a Turai. A farkon 2007 farashin ya haura dala 110.

2008: SANA'A ƊAYA, KAMFANI UKU

A nan nake so a natsu, don nan ne aka ga bambanci.

Rikicin bashin gidaje ya girgiza Amurka, bankin Lehman Brothers ya rushe a watan Satumban 2008, kasuwar S&P 500 ta faɗi kimanin kashi 37 cikin 100 a shekarar, kamfanonin REIT gaba ɗaya ma haka. A cikin duk ɓangarorin REIT, na ɗakunan ajiya ne kaɗai ya fita shekarar da 'yar riba. Public Storage ya rufe 2008 sama da inda ya fara ta. Duk da haka a watan Maris na 2009, da tsoro ya kai ƙololuwa, farashinsa ya faɗi ƙasa da dala 50, ƙasa da rabin inda yake shekara biyu baya. Malaminmu da ya ga jarinsa ya haura dala 11,000 ya wayi gari bai kai 5,000 ba.

Amma rabon ribarsa na duk wata uku bai ragu ko senti ɗaya ba. Dalili kuwa kamfanin kusan ba shi da bashin banki. In yana neman kuɗi sai ya sayar da wani irin hannun jari mai fifiko, wanda ake biyan mai shi wani ƙayyadadden kaso duk shekara amma ba shi da ranar da zai zo ya ce a mayar masa da uwar kuɗinsa. Masana da yawa sun sha sukar wannan tsari, suna cewa ya fi bashi tsada, kuma gaskiya ne. Sai dai ranar da bankuna suka rufe ƙofa, ba wanda ya iya zuwa ya tsaya wa Public Storage a kai.

Yanzu ku dubi sauran biyun. U-Store-It, wanda yau ake kira CubeSmart, ya shiga kasuwa a 2004 a kan dala 16. Ya ci bashi ya yi ta sayen wurare. A farkon 2009 hannun jarinsa ya faɗi ƙasa da dala 2, aka zaftare rabon riba ya koma abin da bai taka kara ya karya ba, kamfanin ya sayar da sabbin hannayen jari da arha don ya biya bashi, kason tsofaffin masu jari ya tsinke. Sai a 2013 farashin ya koma inda aka fara, shekara tara ke nan. Extra Space shi ma ya shiga kasuwa a 2004 a kan dala 12.50, ya faɗi wajen dala 5 a 2009, ya dakatar da rabon riba na wasu watanni. Shi kam daga baya ya farfaɗo ya yi tashin gwauron zabo, har ya haura dala 200 a ƙarshen 2021, wanda ya riƙe shi ya fi mai Public Storage samu. To amma a watan Maris na 2009 ba wanda zai iya rantse maka cewa zai rayu. Ɗakunan iri ɗaya ne, kwaɗon iri ɗaya, masu hayar iri ɗaya. Abin da ya raba su a wannan shekarar shi ne nauyin bashin da kowa ya ɗauko.

Wannan labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya kai shekaruna ya tuna yadda ma'aikata suka yi layin sayen hannun jarin bankuna bayan 2005, wasu da bashin bankin kansa. Ma'aunin kasuwar Legas ya kai wajen 66,000 a Maris 2008, ya faɗo wajen 20,000 cikin shekara guda, bai sake ganin 66,000 ba sai 2023. Masu jari a Afribank, Bank PHB da Spring Bank kuwa ba su sami abin jira ba, tunda a 2011 aka karɓe bankunan.

SHEKARUN GIRBI, DA FARIN DA YA BIYO BAYA

Bayan 2009 gine-gine sun tsaya cak a Amurka saboda ba mai ba da bashi, alhali masu neman ɗakin ajiya na ƙaruwa. Kamfanonin da suka rage suka yi ta ƙara haya. Rabon ribar Public Storage ya tashi daga dala 2.20 a 2009 zuwa 4.40 a 2012, zuwa dala 8 a 2017. Farashi ya haura dala 270 a 2016.

Riba mai yawa takan kira 'yan kallo. Da kowa ya ga abin da ake samu, sai aka shiga gina sabbin wurare ba ƙaƙƙautawa, garuruwa da dama suka cika suka batse. Daga ƙarshen 2016 har ƙarshen 2022 rabon riba na yau da kullum ya tsaya a dala 2 duk wata uku, shekara shida ba ƙari. Wanda ya saya a dala 270 a 2016 ya ga farashi ƙasa da dala 200 a 2018, ƙasa da 170 a farkon annobar korona. Har wani kamfanin masu jari mai suna Elliott ya taso wa shugabannin a ƙarshen 2020 yana cewa sun yi barci.

Sai korona ta juya komai. Mutane suka koma aiki daga gida, ɗakin tarkace ya zama ofis, ɗalibai suka kwashe kaya daga makarantu, iyalai suka yi ta ƙaura daga manyan birane. A 2021 ɓangaren ɗakunan ajiya ya ba masu jari kusan kashi 79 cikin 100. A cikin wannan shekarar, watan Agusta, Hughes ya rasu yana da shekara 87 a gonar dawakinsa da ke Kentaki. A watan Afrilun 2022 farashi ya haura dala 400. A shekarar kuma aka sayar da wani kamfanin da Public Storage ke da babban kaso a ciki, PS Business Parks, ga Blackstone, aka raba wa kowane hannun jari dala 13.15 a lokaci guda. A 2023 rabon shekara ya koma dala 12.

Daga nan babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin 100. Cinikin gidaje ya ragu zuwa mafi ƙaranci tun 1995, in ba a sayen gida kuwa ba a ƙaura, in ba a ƙaura ba a neman sito. A watan Oktoban 2023 farashi ya sauka ƙasa da dala 250, wato ƙasa da inda yake a 2016, kafin ya rufe shekarar a wajen dala 300.

LISSAFIN MALAMINMU

Dala 1,900 ta zama wajen dala 30,000. A wannan tsakanin ma'aunin S&P 500 ya ninka kusan sau 8, farashin kayan masarufi a Amurka kuma ya ninka sau 2, don haka ribar ta gaske ce. Rabonsa na shekara ya tashi daga dala 88 zuwa 1,200. Jimillar abin da aka raba wa kowane hannun jari a shekarun 28 ta haura dala 120, kan abin da aka saya dala 19.

Ga inda nake so ku lura. In ka raba shekarun gida biyu, 14 na farko, daga 1996 zuwa 2009, abin da aka raba bai kai dala 25 ba. 14 na biyu ya haura dala 100. Wanda ya haƙura shekara goma sha huɗu cur, sannan aure ko gini ko kuɗin asibiti ya sa shi sayarwa a 2009, ya sha wahalar dafa dutsen, wani ya sha romon. Kuma a hanya sau huɗu farashi ya yi mummunar faɗuwa ko ya kwanta na shekaru: ƙarshen shekarun 1990, 2007 zuwa 2009, 2016 zuwa 2020, da 2022 zuwa 2023.

Sannan yawancin abin da ya haifar da wannan riba na zamaninsa ne. An sayi filayen da arha tun gari bai iso ba. Kuɗin ruwa a Amurka ya yi kusan shekara 40 yana sauka, abin da ke ɗaga darajar duk wata kadara mai haya. Abokan hamayya a da ƙananan 'yan kasuwa ne masu wuri ɗaya ko biyu, yau kuwa Extra Space ya haɗiye Life Storage a 2023 bayan an ƙi tayin Public Storage, su biyun kowa na da wurare sama da 3,000. Kamfanin da darajarsa ta kai dala biliyan 50 ba ya ninkawa sau 16 da sauƙin da ƙarami ke yi. Kuma mu ne yau muka zaɓo shi daga baya, bayan mun san ƙarshen labarin.

Ga masu saye daga nan gida akwai abu uku da manhaja ba ta cika faɗa da ƙarfi ba. Amurka na cire harajin kashi 30 cikin 100 daga rabon ribar ɗan ƙasar da ba ta da yarjejeniyar haraji da ita, Najeriya kuwa ba ta da ita, don haka dala 12 ɗin nan 8.40 za ta iso ka. In abin da ka mallaka a can ya haura dala 60,000 ka rasu, akwai harajin gado kafin magada su taɓa. Na uku, kamfanin ya fara sayar da takardun bashi mai kuɗin ruwa ga jama'a tun 2017, yana kuma da reshen inshorar kayan masu haya, don haka mai kula da halaccin dukiyarsa ya kai wa malaman da suka san harkar kuɗi su duba masa kafin ya saya. Ni kaina akwai abin da ke min nauyi a sana'ar da ribarta ke ƙaruwa in aure ya mutu ko an kori mutum daga gida, da gwanjon kayan wanda ya kasa biya. Kowa ya auna da zuciyarsa.

Ban rubuta wannan don in ce a saya ko kar a saya ba. In wani ya nuna maka zanen da layi ya tashi sama tsawon shekara talatin, ka tambaye shi nawa bashin kamfanin yake, a wane farashi kai za ka shiga, kuma shin kuɗin da za ka sa na iya kwana shekara goma sha biyar ba ka buƙace shi ba. Mai albashi irina da makaranta ke jiransa duk zango ya fi kowa sanin amsar tambaya ta ukun.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu da asara.